Shayin rage ƙiba da ƙwayoyin da ake cewa ganye ne zalla

'Yar'uwa, kin tambaya ko shayi da ƙwayoyin rage ƙibar da aka tallata miki suna aiki, da yadda za ki gane na ƙwarai. Ni na gwada duka biyun a jikina.

Da shayi na fara. Cikin mako guda sikeli ya ce na sauke kilo 3, har ina ta yi wa ƙawaye talla kyauta. Sai dai na mai da banɗaki ɗakina na biyu, da tsakar dare kuma jijiyar ƙafata ta ɗaure, in tashi ina murza ta ina salati. Da na juya kwalin sai ga senna, dangin filasko, wato maganin wankin ciki. Ashe ruwa da gishirin jiki nake zubarwa, kitsen na nan daram. Ki lissafa da kanki: kilo ɗaya na kitse kusan kalori 7,700 ne, wane ganye zai ƙone uku a kwana bakwai? Ina barin shayin kilon ya dawo gida.

Ƙwayoyin ne suka ba ni tsoro. Baki ya bushe ƙamas, zuciya na dukan uku-uku, barci ya ƙaurace min, abinci ko kallonsa ba na so. Likita na auna jinina ta ce in zubar da su yau ɗin nan. A wurinta na ji cewa irin waɗannan an sha kama su da sibutramine a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Masu cusa shi ba sa rubutawa a jikin roba.

Kar kuma "an yi a Amurka" ya ruɗe ki. Dokarsu ta 1994 ba ta buƙatar FDA, hukumarsu ta kula da abinci da magunguna, ta amince da irin wannan kaya kafin a sayar. Ephedra ma, wani ganye da ake sawa a ƙwayoyin rage ƙiba, sai a 2004 aka haramta shi, bayan an rasa rayuka.

Yanzu abin da nake fara dubawa shi ne ko an rubuta yawan kowane sinadari. In an dunƙule su a suna ɗaya da lamba ɗaya, na ajiye. Kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi mai hana barci, kar ya wuce miligiram 400 a yini ga babba mai lafiya, kuma guarana ma kafeyin ne ya canza riga. Koren shayi a kofi lafiya lau, amma wanda aka tattaro cikin ƙwaya dabam ne: a 2018 hukumar kula da abinci ta Turai ta danganta miligiram 800 na sinadarinsa EGCG a yini da alamun illa ga hanta. Garcinia kuwa, wani ɗan itace da ake sawa a ƙwayoyin, a 1998 an gwada shi a mutum 135 na mako 12, bai fi ƙwayar da ba komai cikinta ba.

Glucomannan, garin saiwar wani tsiro, shi ne mai ɗan abin riƙewa: giram 1 sau uku a yini kafin cin abinci, yana kumbura a ciki ya sa ƙoshi. Shi ma sai kina rage ci, kuma da kofi ɗaya ko biyu na ruwa, in ba haka ba ya tsaya a maƙogwaro.

In kina da ciki, ko shayarwa, ko hawan jini, kar ki haɗiyi ko ɗaya sai likita ya gani. Ki turo hoton bayan robar, inda aka jera sinadarai da ƙananan haruffa, mu duba tare.