Shin baunsan ɗakin biki yana buƙatar lasisi?

Wata Hajiya mai ɗakin taron biki a wajejen Titin Gidan Zoo a Kano ta aiko da tambaya. Ta ce duk ranar da ake kamu ko dina, wani shugaban matasan unguwa ne ke kawo mata ƙarti shida su tsare ƙofa, ta sallame su a daren. Makon jiya ɗayansu ya shaƙe wani saurayi da ba shi da kati, ashe ƙanen ango ne, magana ta kai ofishin 'yan sanda. Yanzu wani kamfanin tsaro ya kawo mata farashi ninki uku. Tana so ta sani: dole ne sai masu lasisi, ko kuɗinta kawai ake so a ci?

Hajiya, sannu da wannan tashin hankali. Allah ya kiyaye gaba.

A Najeriya ba mutum ɗaya ake ba lasisin gadi ba, kamfani ake ba. Dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu ta 1986 ta hana kowa bayar da masu gadi haya sai kamfanin da ya yi rajista da CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, wanda 'yan Najeriya ne suka mallake shi gaba ɗaya, kuma yake riƙe da lasisin Ministan Harkokin Cikin Gida. Hukumar Sibil Difens, wato NSCDC, ita ke sa ido a kansu, kuma tana da ikon garƙame ofishin duk wanda ta samu yana aiki ba lasisi. Baunsa, wato ƙaton da ke tsare ƙofar biki, komai faɗin ƙirjinsa da baƙar rigarsa, mai gadi ne a idon doka.

To, wannan mutumin da ke tara miki samari yana karɓar kuɗi, sana'ar kamfanin gadi yake yi ba tare da takarda ba. Yau da ta ɓaci, ina yake? Na tabbata ke aka kira, ba shi ba. Wanda ya yi ɗanyen aiki a ƙofarki, a bakin aikin da kika sa shi, lauyan wanda aka zalunta ba zai ɓata lokaci a kansa ba, tunda ba shi da ko sisi. Ke mai ɗakin zai nema. Nan ne arhar take komawa tsada: kuɗin asibiti, kuɗin sulhu, zaryar ofishin 'yan sanda, sannan abin da ya fi duka ciwo, sunan wurinki a bakin mata. A Kano iyayen amare su ne tallarki. Bidiyon minti ɗaya ya shiga TikTok, sai ki ga waɗanda suka kama ranakun bayan Sallah suna neman a mayar musu da kafin alƙalami.

Kina iya ɗaukar mai gadinki da kanki, ki sa shi cikin ma'aikatanki kamar mai shara da mai kula da janareta. Ga gadin dare da buɗe get, dattijo amintacce mai wanda ya tsaya masa ya wadatar, sai dai ki sani duk alhakinsa a wuyanki yake. Ƙofar dina kuwa, inda mutum ɗari biyar ke turereniya, 'yan gayyar soɗi da masu ƙwacen waya suna laɓe a gefe, wannan aikin wanda aka horar ne. Ni kamfani nake ba ki shawara, amma kada ki yarda da baki.

Ki ce su kawo lasisin, ki duba ko an sabunta shi, sannan ki aika manajanki ofishin Sibil Difens na jiha ya tabbatar sunansu yana cikin rajista. Takardar CAC kaɗai ba lasisi ba ce. Da yawa da ita suke rufe idon mutane. Kowane mai gadi ya zo da katin shaidar kamfani, kakinsa kuma kada ya yi kama da na ɗan sanda ko soja, doka ta hana. Haka ta hana su riƙe bindiga. Duk wanda ya yi miki alƙawarin “yaranmu da ƙarfe suke zuwa”, ki raka shi bakin get. In taron na manya ne har ana buƙatar makami, wannan sai jami'an gwamnati, ta hanyar rubuta takarda.

Yarjejeniya kuma a rubuce. Ta faɗi mutum nawa, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, da wanda zai biya in ma'aikacinsu ya ji wa baƙo rauni ko mota ta ɓace a wurin ajiya. Ki tambayi nawa ke shiga aljihun shi mai gadin. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira dubu 70 ne tun 2024, amma akwai masu karɓar kuɗi mai kauri su jefa wa yaro abin da bai kai kuɗin mota ba. Mai yunwa a bakin ƙofa shi ne zai karɓi ɗari biyar ya shigar da ɓarawo.

A yarjejeniyar ki sa iyakar ikonsu ƙarara. Suna iya hana shiga, su fitar da mai tayar da hankali cikin lalama, su riƙe wanda aka kama yana sata su miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Duka, tsallen kwaɗo da kulle mutum a ɗakin ajiya ba sa ciki. Kuma dole a samu mace ko biyu cikinsu, don babu uwar da za ta yarda ƙato ya buɗe jakar 'yarta.

Batun ninki uku, ba daga ribarki zai fita ba. Ki ware shi a rasit: kuɗin ɗaki daban, kuɗin tsaro daban, gwargwadon yawan katin da aka buga. Ki nemi farashin kamfanoni uku, ki yi ciniki a kan adadin bukukuwan wata, ba dare ɗai-ɗai ba. Samarin unguwa kuma kada ki kore su da faɗa, maƙwabtanki ne. Ki bar musu jera kujeru da shirya motoci. Sannan kafin ƙarshen makon nan ki sami dattijo ya raka ki gidan su angon, ki duba yaron, ki biya kuɗin maganinsa.