Tambayoyin Masu Karatu: Yaron da ƙafafunsa suka kumbura bayan yaye

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Mokolo, kuma ina da maƙwabciya 'yar ƙabilar Mafa wadda ta sauko daga wani ƙauye a duwatsun Mandara. Ta yaye ɗanta yana da wata 14 saboda ta samu ciki, kuma tun daga nan ba abin da yake sha sai tsinkakken kunun dawa. Yanzu ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja, ya kuma daina karɓar abinci. Tsofaffi sun ce shan ciki ne, zai wuce. Shin in riƙa ba shi tuwo da nama daga gidana?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya saka miki da alheri, 'yar'uwa, amma ina roƙonki ki dakata da tuwon, ki raka su asibiti yau ɗin nan, domin alamomin da kika lissafa na tamowa mai tsanani ne. Ki danna babban yatsanki a bayan ƙafafunsa biyu na daƙiƙa 3. Idan kika ɗaga wurin ya lotsa bai taso ba, to ruwa ne ya taru a jikinsa, ko da kuwa mutane suna ganin kamar ƙiba ya yi. Ma'aikatan lafiya za su kuma auna damtsensa da wani tsiri mai launin kore da rawaya da ja, kuma duk yaron da ke tsakanin wata 6 da wata 59 wanda awonsa ya gaza santimita 11.5 ya shiga ja.

Dalilin da ya sa na hana ki tuwo da nama shi ne, yunwar da ta daɗe tana raunana zuciya da hanta da hanji, har abinci mai nauyi da aka ɗura wa yaro lokaci guda yakan iya halaka shi. Tunda ba ya cin abinci, kwantar da shi za a yi, a fara da madarar F-75, wata madara ta musamman da ake ba masu tamowa mai tsanani a asibiti, kaɗan-kaɗan duk bayan awa 2 ko 3, dare da rana, tare da maganin ƙwayoyin cuta. Sai kumburin ya fara saɓewa, cin abinci ya dawo, sannan a koma ga gyaɗar tamowa irin su Plumpy'Nut. Wannan magani ne na yaron shi kaɗai, ba a dama shi cikin kunu, ba a raba shi da yayyensa, ba a kuma kai shi kasuwa, abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya duk lokacin da na gani.

Game da shan ciki kuwa, nonon mai ciki ba ya zama guba. Yayen gaggawa ne ya raba yaron da abincinsa mafi amfani, aka bar shi da kunun da yake cika ciki da ruwa kawai. Hakan ya fi tsananta daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa.

Taimakonki zai fi amfani bayan an sallamo shi. Ki nuna wa uwar ta riƙa dama kunu mai kaurin da ba ya zuba daga cokali, ta sa masa gyaɗa ko garin wake ko dakakken busasshen kifi, da cokali ɗaya na mai, da garin zogale, ta kuma ba shi ƙwai idan ya samu, domin zancen cewa ƙwai yana sa yaro sata ba shi da tushe. A zuba masa a kwanonsa daban, sau 3 ko 4 a rana da ɗan abin taɓawa a tsakani, saboda a kwanon taro manya ne suke rigan ƙarami, kuma kada a tsallake ranar komawa awo.