Barista, dokar 'yan asalin ƙasa za ta iya dawo mana da fadamarmu?

Wani matashi daga wani ƙauye a yankin Haɗeja ya turo min wannan: "Assalamu alaikum Barista, Allah ya ƙara basira. Wata biyu kenan muka wayi gari masu safiyo sun kakkafa siminti mai jan fenti a fadamarmu, har da burtalin da shanun rugar Ardo ke bi zuwa mashaya. Wai gwamnati ta ba wani kamfani zai noma shinkafa. Ba wanda ya ba mu ko fallen takarda, a bakin dagaci muka ji. Na ji a rediyo wata ƙabila a Kenya ta kai gwamnatinsu kotun Afirka ta ci nasara saboda su 'yan asalin wurin ne. Mu ma kakanninmu suka sare dajin nan, kuma kowa na da takardar indijin. Za mu iya bin sahunsu?"

Wa'alaikumussalam ƙanena. Toh labarin da ka ji gaskiya ne, amma bari mu fara raba aya da tsakuwa, don takardar indijin ɗin da ƙaramar hukuma ke bayarwa, wadda kake kaiwa wajen neman makaranta ko shiga soja, ba ita ake nufi da 'yan asalin ƙasa a dokar duniya ba. Can ana magana ne kan al'ummar da rayuwarta da al'adarta ke ɗaure da wani daji ko tafki ko makiyaya, ta bambanta da mafi rinjayen jama'ar ƙasar, kuma an daɗe ana danne ta. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul ta ce ba maganar wa ya riga wa zuwa ba ce, tunda duk ɗan Afirka ɗan asalin Afirka ne. Cikin misalan da ta kawo akwai Bororoji da Buzaye da Ogoni. Bahaushe manomi a Jigawa kam da wuya ya shiga layin nan, ku ne masu rinjaye a jihar. Abin mamakin shi ne mutanen Ardo sun fi ku kusa da wannan suna, don haka kar ku bari a raba ku da su.

Sai ita takardar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa. An amince da ita ran 13 ga Satumba 2007, ƙasashe sama da 140 suka ce eh, huɗu suka ce a'a wato Amurka da Kanada da Ostareliya da Niyu Zilan (daga baya duk sun sauya ra'ayi), 11 suka ƙi kaɗa ƙuri'a, kuma Najeriya na cikin sha ɗayan nan, haka Kenya. Sannan sanarwa ce, ba yarjejeniya mai tilasta kowa ba. Wadda ke da haƙori ita ce yarjejeniya ta 169 ta ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta 1989, ita kuma Najeriya ba ta rattaba mata hannu ba, a duk Afirka Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ce kaɗai ta amince da ita a 2010. Ko da ma mun sa hannu, sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniyar waje ba ta zama doka a nan sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. In ka kai wa alƙali a Dutse sanarwar 2007 zai saurare ka cikin mutunci, shi kenan.

Mutanen Kenya da ka ji, ina zaton Ogiek ne na dajin Mau. Sun kai kuka Banjul a 2009, hukumar ta miƙa shari'ar ga kotun Afirka da ke Arusha a Tanzaniya a 2012, hukunci ya fito 2017, hukuncin diyya sai 2022, kuma wallahi a ƙarshen 2023 an sake rushe wa wasunsu gidaje a dajin. Kafin su akwai Endorois da aka kora daga bakin tafkin Bogoria tun shekarun 1970 don a yi gandun namun daji, sun yi nasara a 2010, har yau yawancin abin da aka ce a yi musu yana kan takarda. Ka lissafa damina nawa kenan, fadama ba ta jiran wannan. Kuma ku ba ku da ikon zuwa Arusha kai tsaye don Najeriya ba ta ba 'yan ƙasarta wannan damar ba. Kotun ECOWAS ta Abuja ita kam tun 2005 mutum na iya shigar da ƙarar take haƙƙi kai tsaye ba sai ya gama da kotunan gida ba, amma Gwamnatin Tarayya ake kaiwa can ba gwamna ba, kuma karɓar abin da ta yanke wani aiki ne daban. Ku ajiye ta a matsayin dabarar ƙarshe.

Makaminku yana gida. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana, eh, amma sashe na 36 ya ce gonar karkara da ake nomawa tun kafin dokar, mai ita ya ci gaba da riƙe ta tamkar an ba shi shaidar mallaka ta gargajiya, ko ba shi da takarda ko ɗaya. Kafin a karɓe ta, sashe na 28 ya ce sai don amfanin jama'a, kuma sai an ba mai gona sanarwa a rubuce da sa hannun jami'in da gwamna ya wakilta. Faɗar dagaci a ƙofar masallaci bayan la'asar ba sanarwa ba ce. Kotun Ƙoli ta sha rushe ƙwace saboda rashin sanarwa kawai, ta kuma ce ba a karɓe wa wani a ba wani ɗan kasuwa a kira shi amfanin jama'a. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, dokar ta lissafa bunƙasa noma da masana'antu cikin amfanin jama'a, nan lauyoyin gwamnati za su fake, shi ya sa rashin takardar sanarwar nan ya fi komai ƙarfi a hannunku.

Diyya kuma, nan ne mutane ke shan mamaki. Ba a biyan kuɗin ƙasar kanta, abin da ke kanta ake biya, shuka da mangwaro da giginya da rijiyar burtsatse da gini. Amma akwai wani sashe da ba a cika faɗa wa manoma ba, sashe na 6, wanda ya ce in gonar noma ce aka karɓa, wajibi ne ƙaramar hukuma ta ba ka wata a madadinta. Ku kuma lura, in an rubuta filin da sunan na al'umma, sashe na 29 ya ba gwamna damar biyan kuɗin ta hannun mai gari. Ba zargin kowa nake ba, amma na taɓa ganin garin da 'yan uwa suka daina gaisawa a kan irin wannan kuɗi. Kowa a auna gonarsa da sunansa. Ku haɗa da sashe na 44 na tsarin mulki, wanda ya hana karɓe dukiyar mutum ba diyya, da kuma yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi, wadda ita Najeriya ta mayar doka tun 1983, don haka alƙalin babbar kotun jiha zai yi aiki da ita.

Abin da za ku yi a makon nan, kar kowa ya dangwala yatsa a wata takardar da aka ce ta "ƙidaya" ce sai wanda ya iya karatu ya karanta muku a bainar jama'a, kar kuma matasa su tumɓuke simintin, yanzu sai a juya maganar ta koma ta 'yan sanda. Ku rubuta sunan kowane mai gona da iyakarsa da maƙwabtansa huɗu, ku ɗauki hoton shuka, ku nemo tsofaffin rasit na haraji da takardun rabon gado na kotu, ku naɗi bayanin dattawa a waya tun suna raye. Mutanen Ardo su bincika ko burtalin na cikin waɗanda gwamnati ta shata. Sannan lauya ya rubuta wa ma'aikatar ƙasa da shugaban ƙaramar hukuma yana neman kwafin sanarwar, ya nemi kotu ta dakatar da aiki kafin katafila ta shiga. In kuɗin lauya ya gagara akwai Legal Aid Council, wato hukumar taimaka wa marasa ƙarfi da lauya, da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, duk suna da ofis a Dutse. Kar ku ja lokaci, lauyoyin gwamnati na son cewa wa'adin wata uku na kai ƙarar jami'in gwamnati ya wuce, duk da kotuna sun ce wannan ƙa'idar ba ta shafi rikicin ƙasa ba, kuma kun riga kun ci biyu.

Ka duba jikin simintin akwai lamba, ka turo min hotonta. Ka gaida su Baba.