Tambaya da Amsa: Sauyin Kalmomin Wasanni da Makomar Namu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ringim a jihar Jigawa, kuma ni ke kula da wasannin yara. A gidan kallon ƙwallon garinmu na lura masu sharhi na Turai sun daina faɗin wasu kalmomin da muka taso muna ji, aka ce mini wai an canza su ne saboda mata. Shin gaskiya ne, kuma ya kamata mu ma mu canza namu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da aka faɗa maka gaskiya ne, kuma misalin da ya fi fitowa fili yana cikin wasan kurket. A watan Satumba na 2021, ƙungiyar Marylebone ta birnin Landan, wadda ita ke riƙe da dokokin wasan, ta cire kalmar "batsman", wato mai bugun ƙwallo da sanda, daga dokokin ta sa "batter", domin tsohuwar kalmar namiji kaɗai take nufi, alhali mata sun daɗe suna buga wasan, har wasan ƙarshe na Kofin Duniyarsu na 2017 ya cika filin Lord's da ke Landan maƙil. A ƙwallon ƙafa kuwa, wanda yaranmu ke kira lasman ya koma mataimakin alƙalin wasa tun 1996. Babban dalilin wancan sauyi shi ne aikinsa ya wuce ɗaga tuta kawai, amma sabon sunan ya yi wa mata daidai da suka shigo aikin.

Sun shigo kuwa. Salima Mukansanga ta Ruwanda ta hura wasa a Gasar Kofin Afirka ta maza a Kamaru a Janairun 2022, sannan a Disambar shekarar Stéphanie Frappart ta Faransa ta hura wasan Jamus da Kosta Rika a Kofin Duniya na Qatar. Mu ma Super Falcons ɗinmu sun ɗauki kofin Afirka na mata karo na 10 a Maroko a 2025. Idan mace na riƙe da usur a tsakiyar fili, ba adalci ba ne littafin doka ya ci gaba da magana kamar babu ita.

Sai dai a ganina ba mu da buƙatar kwaikwayon maganin da Turawa suka sha, domin ciwon ba iri ɗaya ba ne. Hausa ta riga ta tanadar wa mace sunanta: akwai ɗan wasa akwai 'yar wasa, akwai gwarzo akwai gwarzuwa, akwai alƙali akwai alƙaliya, idan an haɗu kuma a ce 'yan wasa. Ko mai tsaron raga, da zarar ka ce "ta kama" ko "ya kama" an san wanda ake nufi. Abin da ya rage mana shi ne mu yi amfani da su, kada yarinya ta lashe tsere a makaranta a kira ta gwarzo don bakin mai sanarwa bai saba ba.

Ɓacewar tsofaffin kalmomi ita ce ta fi damuna, kuma a wajenmu mata ba su da hannu a ciki. Kalmar wasa tana rayuwa ne muddin ana yin wasan. Dattawan Kano da Jigawa sun san tamaula, amma yau da wuya ka ji ta a bakin saurayi. Ka tara 'yan aji shida ka tambaye su wane ne ruwa a wasan langa, ko ka ce su riƙe ƙafa ɗaya ta baya su nuna yadda ake kare shi har ya kai gida, ka ga nawa za su iya. Dambe ya fi sa'a, domin har yanzu ana naɗe hannu da kara bayan girbi, ana kiran shago, ana cewa an yi kisa idan ɗan dambe ya kai ƙasa, ana kuma rabuwa Kudu da Arewa da Guramada. Wasannin 'yan mata sun fi shiga haɗari, tun da gaɗa da carabke a dandali suke, dandalin kuma ya yi ƙaranci tun da gidan kallo da waya suka kwashe masu zuwa.

Saboda haka, Malam, tun da kai ke tsara wasannin makarantarku, ka ware wa langa da carabke lokaci a kowane mako kamar yadda ake ware wa ƙwallo. Ka roƙi wani dattijo da wata dattijuwa na garin su zo su nuna wa yara yadda ake yi, kai kuma ka rubuta sunayen da suka ambata a littafi guda, ka ajiye a ofishin hedimasta domin malamin da zai gaje ka.