Yaya Ake Nazarin Wasan da Ba a Gani?

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce mai nazarin adabi, kuma an ba ni aiki a kan wasan kwaikwayo na rediyo. Na samo rubutaccen wasan, na fitar da jigo da zubi da tsari da taurari kamar yadda aka koya mana, amma malamina ya dawo mini da aikin, ya ce takarda na nazarta, ban nazarci wasan ba. Me ya rage mini?

AMSA: Malama, malaminki yana da gaskiya. An gina wasan rediyo ne domin kunne, kuma kayan gininsa su ne murya, da ƙarar abubuwa, da kiɗa, da kuma shiru, alhali takarda kalmomi kawai take iya riƙewa. Tun farkon wannan fasaha marubuta suka fahimci haka. A watan Janairu na 1924 gidan rediyon BBC ya watsa wasan Richard Hughes mai suna Danger, wanda ake yawan ambata a matsayin wasan farko da aka rubuta musamman domin rediyo a Ingila. Marubucin ya jefa taurarinsa cikin ramin haƙar kwal, aka ɗauke wuta, sai ya zamana da su da mai sauraro duk babu mai ganin komai.

Saboda haka ki koma ga faifan wasan, ki saurare shi ba tare da takardar a gabanki ba, kina tambayar kanki yadda aka yi kika san inda ake da wanda ke magana. A nan ne gwanintar take. Ɗan wasan da ya matso kusa da makirufo ya yi ƙasa da murya yana shigar da mu cikin zuciyarsa ne, wanda kuwa aka ji shi daga nesa ya nuna mana faɗin wurin, kuma amsa-kuwwa kaɗan ta isa ta mayar da situdiyo babban zaure. Ita ƙara kuwa ba ta cika bayyana kanta ba, domin takardar leda da aka murza tana iya zama wuta mai ci ko ruwan sama, sai wata kalma daga bakin tauraro ta raba gardama. Marubuci mai rauni yakan wuce gona da iri wajen wannan taimako, har ya sa mutum ya ce wa abokinsa, "Ga ka nan tsaye a bakin ƙofa riƙe da wuƙa," maganar da ba mai yin ta a zahiri. Idan kin ci karo da irin wannan, aibi ne, ki faɗe shi.

Ki lura kuma cewa tauraron da ya daɗe bai yi magana ba ya ɓace daga fitowar baki ɗaya, shi ya sa ba a cika tara muryoyi da yawa a wuri guda ba, kuma ake ba kowa irin harshensa. Masu sauraron Rediyon Kaduna ba su taɓa buƙatar ganin kakin Samanja ba, Hausar bariki da Usman Baba Pategi ya sa masa a baki ita ce kakin.

Shiru shi ne abin da ɗalibai suka fi mantawa da shi, kuma a ganina ya fi kiɗa aiki. A ranar 30 ga Oktoba, 1938, ɗan wasa Orson Welles ya gabatar da wasan The War of the Worlds, labarin harin da halittun wata duniya suka kawo wa tamu, a gidan rediyon CBS na Amurka cikin sigar labarai da ɗumi-ɗuminsu. Wurin da ya fi tayar da hankali shi ne inda muryar ɗan rahoto ta yanke yana tsakiyar magana, aka bar iska wayam na ɗan lokaci. Jaridun lokacin sun kururuta firgicin da jama'a suka shiga, amma dabarar ta cancanci nazari.

Jigo da taurari da kika fitar suna nan da amfaninsu, kada ki zubar da su. Sai dai duk hujjar da za ki kafa, ki nuna minti da daƙiƙar da ta zo a faifan, tare da bayanin abin da aka ji a bayan maganar, yadda mai duba aikinki zai iya kunna wurin ya ji da kansa.