Horon yaƙi da wariya a wurin aiki: amsa ga ƙanwata mai shirin zuwa Ingila

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Kin ce asibitin da ya ɗauke ki aikin jinya ya sa horo kan daidaito da yaƙi da wariya cikin abin da dole ki yi a makonnin farko, kina tambaya ko hakan na nufin an gama da wariyar launin fata a nan. Da an gama, ai da ba a tilasta wa kowa zaman koyo ba.

Horon ba shi da wuya. Yawanci a kwamfuta ake yi, ki karanta, ki amsa tambayoyi, cikin awa guda kin tashi. A asibitocin NHS, wato na gwamnati, galibi duk shekara 3 ake sabuntawa. Tushensa dokar daidaito ta 2010, mai aiki a Ingila da Sikotilan da Wales, wadda ta lissafa abubuwa 9 da ba a yarda a muzguna wa mutum saboda su ba, ciki har da launi da asali, addini, jinsi, shekaru, nakasa da juna biyu. Tana kare ki tun kina neman aikin, ko da kuwa da biza kike zaune.

Amma ki sani ba don Allah kaɗai suke yi ba. Idan abokin aiki ya ci zarafinki, doka na iya kama wanda ya ɗauke ku aiki, sai in ya nuna ya yi duk abin da ya kamata don hanawa. Takardar shaidar horon nan garkuwarsa ce. Wani kamfani ya ɗaga wannan garkuwa a ƙarar da wani ma'aikaci ɗan asalin Indiya ya kai, a 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta ma'aikata ta ce horon ya tsufa, ya daina tasiri, ba zai fisshe su ba. Gwamnatin ma a ƙarshen 2020 ta daina ba ma'aikatanta horon nan na son zuciyar da mutum bai san yana da shi ba, ta ce ba ta ga hujjar yana canza hali ba.

Duk da haka kada ki danna ki wuce kamar yadda na yi. Abin da zai ba ki shi ne sunayen abubuwa. A wurin aikina na farko, wata 8 ana kwaikwayon maganata ana dariya, ina tayawa da murmushi don kada a ce ban san wasa ba, ashe dokar ta sa wa wannan suna, cin zarafi ne. Akwai kuma wariya a kaikaice, wato ƙa'idar da aka shimfiɗa wa kowa amma wasu take cuta ba tare da dalili mai ƙarfi ba. Idan kin yi ƙorafi aka fara gasa miki aya a hannu, wannan ma laifi ne mai zaman kansa.

Na san abin da ke rufe bakinmu: biza a hannun mai aiki take, in aiki ya tafi kwana 60 ake ba mutum ya sami wani. Shi ya sa nake cewa ki shiga ƙungiyar ƙwadago, UNISON ko RCN, tun ba abin da ya faru, don ba su cika karɓar matsalar da ta riga rajista ba. Ki riƙa rubuta komai: rana, lokaci, me aka ce, wa ya ji. Kafin kotun ma'aikata sai an bi ta hukumar sulhu ta ACAS, kuma wa'adin gajere ne; a dokar da na tarar, wata 3 ne a cire kwana ɗaya. Masu cewa ki yi haƙuri ba za su tuna miki da wannan lissafin ba.

Sai abin da 'yan uwanmu ba sa son ji. Dokar nan a kanki ma take. Zolayar ƙabila ko addinin wani, ko maganar da kika saki kan abokin aikin da rayuwarsa ba ta yi miki ba, na iya kai ki gaban kwamitin ladabtarwa, har ya taɓa rajistarki ta jinya. Ba wanda zai ce ki sauya aƙidarki, bakinki dai za ki kama.

Kafin ki taso, ki nemi su turo miki takardar tsarin shigar da ƙorafi ta asibitin, ki karanta a jirgi. Ki gaida Umma.