Amsa: Ganyen mangwarona ya yi baƙi yana danƙo

Malam, ka ce mangwaron gidanka a Hotoro ganyensa ya yi baƙi kamar an shafa gawayi, yana danƙo, tururuwa na hawa da sauka. Baƙin nan ba shi ne ciwon ba. Juya bayan ganyen, za ka tarar da ƙananan ƙwari farare masu laushi manne a jikin jijiya. Su ke tsotsar ruwan ganye suna fitar da wani ruwa mai zaƙi, a kansa baƙar fumfunar nan take tohowa ta tare hasken rana. Tururuwar kuwa gadinsu take yi saboda zaƙin.

Fara da sare rassan da suka fi lalacewa ka ƙona, iska ta samu shiga. Sannan ka ɓare busassun 'ya'yan darbejiya, ka daka ƙwayar, giram 50 a kowace lita ɗaya ta ruwa. Jiƙa ya kwana, ka tace da ƙyalle, ka ɗan narka sabulu a ciki don ya kama ganye. Fesa da yamma, musamman ƙarƙashin ganyen, duk mako, sau uku ko huɗu. Feshin tsakar rana yana iya ƙona ganye.

Maganin fumfuna asarar kuɗi ne, ƙwarin suna nan. Kada ka fesa magani mai ƙarfi lokacin fure, cikin hunturu, zai kashe ƙudajen da ke kai barbarar fure, 'ya'ya su yi ƙaranci.

Idan rassa na bushewa daga sama ko gindi na fitar da ƙaro, wannan wata cuta ce daban. Kai reshe ɗaya wurin malaman gona na KNARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta Jihar Kano, ko Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Bayero su duba.